Lissafin Matakala

Matakala ɗari da sittin da biyu ce
daga bakin teku zuwa ƙofata, a kan tudun Valparaíso.
Ni ne na ƙirga. Cholga ba ta taɓa ƙirgawa ba,
hawa kawai take yi, ta tsaya can sama tana haki,
tana dubana kamar mai cewa: tsoho, sai yaushe?

Ranar Talata Ulloa, likitan dabbobi,
ya shafa cikinta, ya daɗe bai ɗago kai ba.
Saifa ce, in ji shi, ciwon daji ya ci ta.
In an yanka, aka bi da allurai, wata shida.
In an bar ta, wata biyu, ko ma bai kai ba.
Yana faɗa yana sosa mata bayan kunne,
ita kuwa sai kaɗa wutsiya,
ana yanka mata wa'adi tana godiya.

Ban gaya masa ba
cewa tawa takardar tana aljihun rigar sanyi,
ninki huɗu, tun watan Mayu, har ta fara warin kifi.
Likitata, Millaray, ƙaramar yarinya mai tabarau,
ba ta ba ni watanni ba, kashi ta ba ni:
cikin mutum ɗari masu irin huhuna
ashirin ne ke ganin shekara biyar.
Na ce, ni a wane layi nake?
Ta ce, Don Belisario, lissafi ya san taro,
bai san mutum ba.

Da dare na ɗauki fensirin rubuta bashin koma.
An ce shekarar kare ɗaya bakwai ce ta ɗan Adam.
Wata shida sau bakwai,
shekara uku da rabi ke nan a agogonta.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe kunnen doki muka yi.

Nélida ta bugo waya daga arewa.
Baba, kare ne fa, kada ka sayar da injin kwalekwale.
Na ce to.
Na riga na sayar tun da hantsi.

Abin da ke hana ni barci ba ramin ba ne.
Tsarin tafiyar ne: wa zai riga wa?
In ita ce, na san yadda ake haƙa
a gindin lemon da Rosaura ta dasa kafin ta rasu.
In ni ne,
wa zai gaya wa karya cewa jira ya ƙare?
Za ta zauna a matakala ta ƙarshe
tana shinshinar kowane wando mai gishiri.
Ni an koya mini ƙarya, ina ce wa mutane da sauƙi.
Ita ba ta iya ba.

Na kai wa Doña Eduviges makulli na biyu,
na ce ko da wata rana.
Ta karɓa, ba ta tambaya ba,
ta sa shi a gwangwanin shayi, ta rufe.

Yau kwana arba'in da ɗinkin.
Gashin cikinta ya fara tsirowa, fari-fari.
Mun sauka wurin masunta, kwasakwasa sun yi layi,
an jefo mata kan kifi ta cafe a iska,
kamar ba ita ba.

A dawowa ta tsaya a ta casa'in.
Ni ma numfashina a nan ya tsaya.
Muka zauna, siminti da sauran ɗumin rana,
jiragen ruwa a ƙasa suna kunna fitilu ɗaya-ɗaya.
Saura saba'in da biyu, bakina ya fara.
Ta ɗora haɓarta a kan takalmina.
Na yi shiru.